Mai ciki da tari: me za ta sha, me za ta bari, yaushe za ta nufi asibiti

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi leɓe ya fara tsagewa, tambayar da mata masu juna biyu suka fi yi ita ce, wai tarin nan da nake ta yi ba zai girgiza abin da ke cikina ba kuwa? Ballantana masu cikin fari da waɗanda suka taɓa yin ɓari, su kam tari ɗaya za su yi ki ga sun dafe mara suna salati. Toh bari mu fara kawar da wannan fargabar tukunna. Tari shi kaɗai, ko da kuwa irin mai sa hawayen nan ne, ba ya zubar da lafiyayyen ciki. Yaron yana kwance ne cikin ruwa, ruwan yana cikin jaka, jakar tana cikin mahaifa wadda tsoka ce mai kauri kuma bakinta a rufe yake gam, girgizar da kike ji a jikinki kafin ta isa wajensa ruwan nan ya shanye ta. Sai dai fa wadda dama likita ya riga ya faɗa mata cewa mabiyiyarta ta sauko ƙasa, ko bakin mahaifarta yana da rauni har an ɗaure, ko tana ɗigar jini, wannan ita duk abin da ya same ta har tarin sai ta kai wa mai duba ta, ba ta cikin lissafin sauran.

Akwai abubuwa biyu da tari yake jawowa masu tayar da hankali amma ba na haɗari ba ne. Na farko wani suka ne da za ki ji a gefen mara kamar an caka miki abu, dama ko hagu, yawanci daga wata na huɗu zuwa sama. Jijiyoyin da suke riƙe da mahaifa ne suka miƙe saboda cikin yana girma, da kin yi tari sai su fizga. In kika ji tarin yana tahowa ki ɗan sunkuya ki lanƙwasa ƙugu ki tallabe ƙasan cikin da hannu ko da filo, zafin zai ragu sosai. Na biyu shi ne wanda mata ba sa son faɗa, wato fitsari ya ɗan zubo in an yi tari ko atishawa. Ba abin kunya ba ne wallahi, nauyi ne ya danne mafitsara. Ki riƙa yin fitsari a kai a kai kar ki bari ya taru, sannan ki koyi matse tsokar ƙasanki kamar mai riƙe fitsari ki ƙirga biyar zuwa goma ki saki, sau 10 haka, safe da rana da dare. Amma ki lura, in ruwa ne yake ta tsiyaya ko ba ki yi tari ba, ba shi da zarnin fitsari, kin canza ƙunzugu ya sake jiƙewa, toh wannan ba fitsari ba ne, mai yiwuwa faya ce ta fashe, asibiti za a tafi a lokacin ba sai gari ya waye ba.

Inda matsalar take a wajenmu shi ne abin da mai cikin za ta haɗiya da sunan maganin tari. Kowa ya san yadda abin yake tafiya, a ba yaro kuɗi a ce je ka kemis ka ce a ba da maganin tari da mura na manya. Yaron bai san Mama tana da ciki ba, mai kemis ma bai sani ba, sai ya haɗo kala huɗu a farar leda, ga na ruwa a kwalba, ga kafso, ga na ciwon jiki, a sha safe da yamma. Kuma abin haushin, watanni ukun farko da ake ɓoye cikin saboda kunya ko tsoron baki, su ne daidai lokacin da ake halittar zuciyar yaro da ƙwaƙwalwarsa da lakarsa da gaɓoɓinsa, lokacin da magani ya fi iya yin ɓarna. Ni a ganina wannan kunyar ba ta da wuri a gaban mai ba da magani. Ba sai kin yi shela a unguwa ba, amma duk wanda zai miƙo miki ƙwaya, likita ne ko nas ko mai kemis, ki faɗa masa ina da ciki wata kaza, ko kuma ban ga al'adata ba. In ke ba za ki iya ba maigida ya je da kansa ya faɗa, kar a aiki yaro.

Mu ɗauki abin da ke cikin ledar nan ɗaya bayan ɗaya. Kodin dai a ajiye shi gefe gaba ɗaya. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton da BBC ta yi kan yadda matasa suke shansa, amma kowa ya san bai ɓace daga kasuwa ba. Kodin yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin yaro, in uwa ta sha kusa da haihuwa ana iya haifo jariri numfashinsa a raunane, in kuma ta jima tana sha sai a haife shi jikinsa ya riga ya saba, ya yi ta kuka yana karkarwa ya ƙi kama nono. Wadda ta san ta riga ta saba da shan sa kuma kar ta yanke rana ɗaya da kanta, ta faɗa wa likita gaskiya a san yadda za a janye ta.

Sai magungunan mura masu haɗi irinsu Procold da Mixagrip. Ƙwaya ɗaya ce a ido amma magani kusan uku ne a ciki, akwai farasitamol, akwai na hana atishawa mai sa barci, akwai kuma na buɗe hanci, shi wannan na ƙarshen yana aiki ne ta hanyar tsuke jijiyoyin jini shi ya sa ake cewa a guje shi a watanni ukun farko, mai hawan jini kuwa ta guje shi har ta haihu. Ga wani tarkon kuma, mace ta sha irin wannan haɗin sannan ta ƙara Panadol biyu a kai, ba ta san farasitamol ta ninka ba. Farasitamol zalla shi ne wanda aka fi yarda da shi ga mai ciki in akwai zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, ƙwaya 2 masu miligiram 500, a ba da tazarar awa 6, kar a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, kuma na 'yan kwanaki kawai ba a mai da shi abinci ba.

Na ciwon jiki kuma irinsu ibufurofen da dikulofenak da garin Alabukun mai asfirin, waɗannan su ne mutane suka fi rainawa. A shekarar 2020 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin cewa daga sati 20 zuwa sama irin waɗannan magunguna suna iya taɓa ƙodar yaro har ruwan da yake ciki ya ragu, daga wajen sati 30 kuma suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa wadda ba a so ta rufe sai bayan an haife shi. Kar a haɗa wannan da ƙaramin asfirin ɗin da likita yake rubuta wa wasu mata a wajen awo don kariya daga jijjiga da hawan jinin ciki, shi wannan da saninsa aka bayar, a ci gaba da sha.

Antibayotik kuwa, mafi yawan tarin mura ƙwayar bairos ce take kawo shi kuma antibayotik ba ya yi mata komai, asarar kuɗi ce kawai. Kafson nan ja da yalo, tetirasaikilin, da ɗan'uwansa doksisaikilin, in aka sha su bayan ciki ya kai wata huɗu suna iya ɓata haƙoran yaro su fito da wani launi da ba ya wankuwa. Septrin da ake yawan bayarwa don tari yana cin karo da folik asid ɗin da ake ba ki a wajen awo, ba a shansa da ka sai in likita ne ya ga dalili. Akwai waɗanda ba su da matsala kamar amoksisilin, amma ko shi sai an sa abin awo a ƙirjinki an saurara an ga da buƙata.

Toh in an hana duk wannan me za ta sha kenan, ta zauna tari ya kashe ta? A'a. Gaskiyar da masu sai da magani ba sa son a faɗa ita ce, yawancin magungunan tari na kwalba amfaninsu bai taka kara ya karya ba ko ga wanda ba shi da ciki, zuma cokali ɗaya tana iya yin abin da suke yi. Ki samu ruwan ɗumi kofi ɗaya, ki matsa rabin lemon tsami, ki zuba zuma cokali ɗaya ko biyu, in kina so ki ɗan daddaka ɗanyar citta kamar girman kan yatsa ki jefa, ki riƙa kurɓa musamman kafin kwanciya. Zuma ba ta da matsala ga mai ciki, jariri ne ba a ba shi sai ya shekara, sai kuma wadda aka ce mata tana da ciwon suga ita ta tambaya tukunna. In maƙogwaro yana ƙaiƙayi ki sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a ruwan ɗumi ki yi ta kurkure maƙoshi ki zubar. Ki sha ruwa da yawa ko ba kya jin ƙishi, da sanyi mutane suna mance shan ruwa shi ya sa kakin yake yin kauri ya ƙi fita. Farfesu mai ɗumi, kunu, shayi mara ƙarfi, Tom Tom a baki, duk ba laifi. Citta da kanumfari da tafarnuwa da masoro gwargwadon yadda ake sa su a girki ba sa komai, abin da ban yarda da shi ba shi ne a tafasa su tuli guda a yi ta ɗurawa kofi-kofi, ko jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ake yawo da su a jarka ba wanda ya san me ke ciki balle adadinsa. In har tarin ya hana barci akwai na kwalban da likita zai iya zaɓa miki mai sinadari ɗaya tal wanda ba a sa masa barasa ko kodin ba, shi zai zaɓa ba ke ba.

Surace yana taimakawa wajen buɗe hanci, amma ba irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi ba, a sauke tukunyar ganyen darbejiya tana tafarfasa a lulluɓe mutum da bargo biyu har sai ya jiƙe sharkaf. Mai ciki awon jininta dama yana yawan yin ƙasa, jiri zai iya ɗibarta ta faɗa kan tukunyar, kuma ba a son jikinta ya yi zafi sosai musamman da ƙaramin ciki. Ruwan zafi a roba a kan tebur, ki zauna a kujera, ɗan tawul a ka, minti biyar zuwa goma ya isa. Robb ko mantaleta a shafa a ƙirji da wuya ba komai, amma masu lasa ko su narka a ruwan zafi su sha, dan Allah a daina, akwai kafur a ciki kuma guba ne in ya shiga ciki.

Wani lokacin kuma duk wannan ba zai yi aiki ba saboda abin da ke kawo tarin yana nan cikin ɗakin. Igiyar leƙo da ake kunnawa a rufe ƙofa da taga a kwana da ita, fiya-fiyar da ake fesawa, kaskon gawayi da ake shigarwa ɗaki don jin ɗumi wanda shi har kisa yana yi, hayaƙin ɗanyen itace a kicin mara taga, sigarin maigida, sai kuma wanda za a ji haushina in na faɗa, turaren wuta. Na san gidan mace ba ya cika sai da ƙamshi, amma in kina tari ki ɗaga masa ƙafa na kwana biyu, ko a turara ɗakin ba kya ciki a buɗe tagogi kafin ki shiga. Sauro kuwa gidan sauro ya fi. In za ki yi shara ki yayyafa ruwa, in za ki fita cikin ƙura ki sa takunkumi ko ki rufe hanci da gefen hijabi.

Akwai tarin da tushensa ba a ƙirji yake ba sam, ƙwannafi ne. Ciki yana sa bakin tumbi ya saki, yaro kuma yana tura shi sama, sai ruwan tsamin ya riƙa tasowa har maƙoshi. Alamarsa busasshen tari ne da yake tashi in kin kwanta ko bayan kin ci kin ƙoshi, ki tashi da safe murya a dishe baki da ɗaci. Wannan ko kwalba goma kika sha ba zai tafi ba, sai kin rage yawan abin da kike ci a zama ɗaya, kin rage yaji da maiƙo, kin bar awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, kin ɗaga wajen kanki. A wajen awo suna ba da maganin ƙwannafi da ya dace da mai ciki. Jiƙa kanwa a sha dai ba hanya ba ce, gishirin cikinta yana tara ruwa a jiki. Sannan wadda take da hawan jini tun kafin ciki ta duba kwalin maganinta, in lisinofiril ne ko enalafiril, su da kansu suna kawo busasshen tari mai naci, kuma mafi muni suna cutar da ƙodar ɗan tayi, ba a shansu da ciki kwata-kwata. Kar ki tsaya jiran ranar awo, ki je a canza miki zuwa irinsu Aldomet ko nifedifin.

Masu asma su kuma kuskurensu na juyi ne, da sun ga ciki sai su jefar da inhela wai kar ta taɓa yaro. Abin da zai taɓa yaro shi ne uwarsa ta kasa numfashi, domin iskar da kika shaƙa ita yake samu. Ventolin da sauran inhelar da aka ɗora ki a kai an daɗe ana amfani da su ga masu ciki, ki ci gaba, ki kuma sanar a wajen awo cewa kina da asma.

Tarin mura yakan yi sauƙi cikin sati ɗaya zuwa biyu ko da ɗan ragowarsa zai ja. Amma ƙa'idar da ake bi a Najeriya ita ce duk tarin da ya kai sati 2 a je a gwada kaki, saboda tarin fuka wato tibi, kuma mu ne muka fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu shi. Wahalar gane shi a mai ciki ita ce alamominsa suna ɓuya a bayan laulayi, kasala, rashin cin abinci, gumin dare, zazzaɓin yamma, sai a ce ai cikin ne. Ko ramar ma ba lallai a gani ba, sai dai a ga awo bayan awo nauyinta ya ƙi ƙaruwa. In akwai mai tari a gidan da ya daɗe, tsoho ne ko almajirin da ke muku aike, wannan ma dalili ne. Gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin tibi na asibitocin gwamnati, maganin wata 6 ne kuma ana shansa da ciki, sukan haɗa da bitamin B6, fitsari zai koma ja-ja kar ki tsorata aikin maganin ne. Barin cutar shi yake jawo bakwaini da ƙaramin jariri, ko uwa ta shafa wa jaririn bayan haihuwa. Haka in likita ya ce a yi hoton ƙirji kar a gudu, hasken da ake amfani da shi kaɗan ne ƙwarai kuma nesa da mahaifa.

Akwai kuma wanda ba a jira sati biyu. Zazzaɓi da ya kai 38 a ma'auni tare da tari, numfashi sama-sama, suka a haƙarƙari in an ja iska, kaki mai jini ko mai launin tsatsa, leɓe ya yi duhu, wannan yana iya zama limoniya ko mura mai tsanani, kuma mai tsohon ciki huhunta dama a takure yake, abin yana saurin kayar da ita fiye da sauran mutane. Zazzaɓin ma a gwada maleriya kar a ɗauka duk mura ce. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo sannan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ana tsoron gudan jini ne ya tafi huhu. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da kasa haɗiya, a tuna da mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Sai motsin yaro ya ragu, ko mara tana ɗaurewa tana saki a jere, ko jini. Kowanne daga ciki a nemi abin hawa a tafi asibiti.

Na bar ɗaya a ƙarshe saboda ya fi shafarmu kuma an fi sakaci da shi. Akwai ciwon zuciya da yake kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, zuciyar ta buɗe ta yi rauni ta kasa tura jini sai ruwa ya taru a huhu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda yake da yawa a matan ƙasar Hausa, har suka danganta shi a lokacin da kunun kanwa da zafin wankan jego, kuma har yau arewacin Najeriya tana cikin wuraren da aka fi ganinsa a duniya. Yadda yake farawa shi ne tari, tarin dare, mace ta kasa kwanciya a miƙe sai ta jingina da filo uku ko ta kwana a zaune, ta farka a firgice tana neman iska, daga ɗaki zuwa banɗaki tana haki, ƙafafu sun kumbura har ƙwauri, wani lokacin kakin ya fito da kumfa. A gida sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata ruwan zafi da kanwa, a sayo kwalbar maganin tari ta biyu da ta uku. Maigida da uwar miji da duk mai kwana da ita, ku ne za ku fara ganin wannan kafin ita ta yarda ta faɗa, in kun ga mai tsohon ciki ko mai jego tana tari ta kasa kwanciya, a kai ta babban asibiti inda za a iya yi mata hoton zuciya, kuma a tafi da duk magungunan da ta sha a leda a nuna wa likita.